Daga Giginya Zuwa Thiepval: Rayuwar Janar Thomas Morland (1865-1925)

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen zuwan Turawa ƙasar Hausa, sunan da ke fara faɗowa a bakin jama'a shi ne na Gwamna Lugga. Shi ake cewa ya ci Kano, shi ake cewa ya ci Sakkwato, har wani lokaci akan ba da labarin tamkar da kansa ya tsaya a filin Giginya yana ba da umarni. Alhali kuwa bai halarci ko ɗaya daga cikin yaƙoƙin nan biyu ba. Kano ya iske an riga an shige ta, Sakkwato kuma sai ranar 19 ga Maris 1903 ya iso, kwana huɗu bayan ƙura ta lafa. Wanda ya saita igwa a ƙofofin Kano, ya kuma jera sojoji gaban rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a kudancin birnin Shehu, wani hafsa ne mai shekara 37 da ake kira Kanar Thomas Lethbridge Napier Morland.

A Ingila ma an san wannan suna, amma ta wata fuska daban. Can shi ne janar ɗin da ya jagoranci Babbar Runduna ta Goma ranar 1 ga Yuli 1916, ranar da sojan Birtaniya bai taɓa ganin asarar rayuka irin tata ba. Marubuta tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya kan taƙaita zamansa na Afirka ta Yamma cikin layi biyu, marubuta tarihin Daular Usmaniyya kuma kan rabu da shi a ƙofar Sakkwato ba su sake waiwayarsa ba. In aka haɗa ɓangarorin biyu, mutum ɗaya ake gani mai hali ɗaya: soja ne da ya yarda da tsarin da aka shata tun kafin a fita, ya kuma yarda da ƙarfin wuta fiye da komai. Wannan hali ne ya kai shi ƙololuwar aikin soja, shi ne kuma ya jawo masa zargin da har yau yake manne da sunansa.

Asalinsa da Shigarsa Soja

An haifi Morland a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 9 ga Agusta 1865. Mahaifinsa mai masana'antu ne a birnin, ya kuma rasu tun yaron bai yi wayo sosai ba. A Ingila ya yi karatu, a makarantar Charterhouse, daga nan ya wuce kwalejin horar da hafsoshi ta Sandhurst. A 1884 ya shiga rundunar King's Royal Rifle Corps da muƙamin laftanar, ya zama kyaftin a 1893, sannan a 1895 aka tura shi tsibirin Malta ya zama dogarin gwamna. Ya haura shekara talatin ke nan bai yi wani abin da za a tuna shi da shi ba.

A wancan zamani hafsan da ke zaune a barikin Ingila kan tsufa yana jiran na gabansa ya mutu ko ya ajiye aiki. Hanya mafi sauri ita ce yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, inda albashi ya fi tsoka, ake ba mutum muƙamin riƙo sama da nasa, kuma kowace fita kan iya ƙarewa da lambar yabo. A 1897 sakataren harkokin mulkin mallaka, Joseph Chamberlain, ya ɗora wa Lugga kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma domin tare Faransawa da ke kutsowa ta ƙasar Bargu zuwa bakin kogin Kwara. Morland ya shigo cikinta a 1898.

Rundunar ta Turawa ce a saman kai kawai. Hafsoshi da 'yan saje kaɗan ne farare. Masu riƙe da bindiga Hausawa ne da Yarabawa da Nufawa da sauran kabilu, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu ko matasan da talauci ya koro daga gida. A bakin Baturen wancan lokaci kalmar Hausa kan nufi duk sojan da ya fito daga arewa yana jin harshen, ko wane ne ya haife shi. Daga barikokin Lakwaja da Jebba da Zungeru ne kalmomi irin su soja, hafsa, saje, kofur, samanja da fareti suka samu gindin zama a harshen. Wannan batu ya shafi abin da zai biyo baya, domin yatsun da suka ja kunamar bindiga a Kano da Giginya, mafi yawansu na masu jin Hausa ne.

Yola, Bauchi da Barno

Bayan Lugga ya karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, an kwashe yawancin sojojinsa zuwa ƙasar Ashanti, inda tawayen Yaa Asantewaa ya rutsa da gwamna a Kumasi. Morland na cikin waɗanda suka tafi a ƙarƙashin Kanar James Willcocks. Da ya dawo ne aka fara ba shi jagorancin fita mai zaman kanta.

A damanar 1901, lokacin da Binuwai ya cika jiragen ruwa ke iya haurawa, ya nufi Yola da sojojin da ba su kai 400 ba. Lamiɗo Zubairu ya ƙi amincewa da sharuɗɗan Turawa, yana kuma da abin da sauran sarakuna ba su da shi: igwa biyu da Bafaranshe Laftanar Mizon ya ba shi shekarun baya, da wasu 'yan bindiga da suka taɓa yi wa Rabeh aiki. Ranar 2 ga Satumba aka gwabza a kewayen fada da masallaci. An harbi Morland da kibiya, rauni mara tsanani, amma garin ya faɗi. Zubairu ya fice, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Wannan fita ta samo wa Morland lambar girma ta DSO. A shekarar ce kuma matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata biyu.

A farkon 1902 ya sake fita, wannan karon zuwa gabas. Bauchi ta buɗe ƙofa a watan Fabrairu ba tare da yaƙi ba, aka tuɓe Sarki Umaru. A ƙasar Gombe ne ya haɗu da Malam Jibril Gaini na Burmi, dattijon da ya shafe shekaru yana gagarar sarakunan yankin da da'awar Mahdiyya. Malam Jibril bai jira a bayan ganuwa ba, ya auka wa Turawa a fili da dawaki da dakaru. Sojojin Morland suka tsaya sahu mai kusurwa huɗu, 'yan dako a tsakiya, bindigogi na fuskantar kowace nahiya, suka yi ta zuba wuta har harin ya karye. An kama malamin aka kai shi Lakwaja. Daga nan Morland ya zarce Barno, inda Faransawa suka tsallako suka kashe Fadlallah ɗan Rabeh a Gujba a 1901. Ya shawo kan Shehu Abubakar Garbai ya baro Dikwa ya dawo ɓangaren da Ingila ke iƙirarin nata ne, ya bar sojoji a Gujba da Maiduguri, ya juyo.

Cikin wata bakwai ya sauya sarauta ko mazauninta a masarautu uku. Darasin da ya kwasa daga nan bai da wuyar ganewa. Muddin sahu bai karye ba, muddin harsashi bai ƙare ba, yawan abokan gaba da jaruntakarsu ba sa canja komai.

Kano

A watan Oktoba 1902 abubuwa biyu suka faru a jere. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. A Sakkwato kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru. Lugga ya samu hujjar da yake nema. Ya yi ta tara sojoji a Zariya ba tare da ya fayyace wa ofishin mulkin mallaka da ke Landan nufinsa ba, har sai da labarin ya ɓulla a jaridu. Hankalin gwamnati ya tashi, ta umarci Birgediya George Kemball, Sufeto Janar na rundunar, ya je ya karɓi jagorancin yaƙin. Kafin ya iso Morland ya riga ya tashi.

Ranar 29 ga Janairu 1903 ya bar Zariya da sojoji 722, hafsoshi 24, igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu, wato bindigar Maxim da ke aman harsashi kusan 500 a minti ɗaya, wadda ake zuba wa ruwa don kada bakinta ya narke. Bebeji ta rufe ƙofa, aka fasa ta da igwa ranar 1 ga Fabrairu. Ranar 3 ga wata suka tsaya gaban ganuwar Kano, wadda aka gyara aka ƙara wa ƙarfi saboda zuwansu. Igwa ba ta yi wa ginin ƙasar komai ba. Sai Morland ya karkata yamma ya nemi ƙofar da harsashi zai iya samu kai tsaye, ya fasa Ƙofar Kabuga, sojoji suka kwarara ciki. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa domin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, a fada ya tsaya har aka kashe shi.

Daga Kano Morland ya aika wa Attahiru wasiƙa, wadda fassararta ke cikin tarin wasiƙun da H. F. Backwell ya buga a 1927. Ya bayyana cewa karɓar Magaji ce ta sa suka yaƙi Alu, cewa suna nan tafe Sakkwato, kuma daga yanzu Bature da sojoji za su zauna a ƙasar har abada. Ya yi alkawarin barin Sarkin Musulmi a kan gadonsa idan ya yi biyayya ya kuma miƙa Magaji, ya nemi a turo babban manzo ya tarye su a Ƙaura, ya haɗa da kyautar tufafi. Attahiru ya amsa a taƙaice cewa ya aika a kira mashawartansa daga kowace nahiya, idan sun taru sun yanke shawara zai rubuto. Turawa sun ɗauki amsar a matsayin jan ƙafa. Wanda ya san yadda ake zartar da babban al'amari a fadar Sakkwato zai ga cewa Attahiru gaskiyar halin da yake ciki ya faɗa: sabon sarki ne da bai cika wata biyar ba, kuma majalisarsa a rabe take.

Giginya

Ranar 16 ga Fabrairu Kemball da Morland suka bar Kano suka nufi yamma ta ƙasar Zamfara, cikin sanyin hunturu da ƙarancin ruwa. A hanya wata 'yar ƙaramar ƙungiya ta sojan doki ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright ta yi karo da rundunar Kano da ke komowa gida, a kusa da Kwatarkwashi. Nan Waziri Ahmadu ya yi shahada bayan ya kai hari a kan sahun sau da yawa, Wright kuma ya samu lambar Victoria Cross, mafi girma a sojan Birtaniya. Alu ya riga ya rabu da jama'arsa ya yi arewa, Wambai Abbas ya koma Kano da sauran ya miƙa wuya. Daga Ƙauran Namoda rundunar ta zarce Shagari, inda ta haɗu da Kyaftin Merrick da sojojin da ke zaune a Argungu. Jimillarsu ta kama sojoji 656 da hafsoshi 25, da igwa huɗu da mai ruwa huɗu, ban da ɗaruruwan 'yan dako.

A cikin birni ra'ayi uku ke fafatawa: a yi yaƙi, a nemi sulhu, ko a yi hijira gabas. Waƙar Zuwan Annasara, wadda ake danganta wa Attahiru kansa, ta nuna inda zuciyarsa ta karkata, wato hijira. Amma barin hubbaren Shehu da jama'ar da ba su da ƙarfin tafiya ba ƙaramin abu ba ne, kuma lokaci ya ƙure kafin a daidaita. Aka tsaya a kan yaƙi, a fili, a wajen ganuwa. Ta fuskar dabarun soja wannan shi ne abin da Morland ya fi so. Yola ta nuna cewa faɗa cikin lunguna da katangu ne kawai ke iya jawo wa Turawa asara; fili kuwa gonar bindiga mai ruwa ce.

Safiyar Lahadi 15 ga Maris 1903, 'yan kwanaki bayan Babbar Salla ta shekarar 1320 ta Hijira, rundunonin biyu suka fuskanci juna. Attahiru na tsakiya kusa da giginyar da filin ya samo sunansa, Marafa Muhammadu Maiturare na riƙe da ɓangare ɗaya, Sarkin Rabah Ibrahim na riƙe da ɗayan. Rahoton Lugga ya ƙiyasta su dawaki 15,000 da dakaru 3,000, adadin da masana tarihi na baya suka ga ya wuce kima. Kemball ne babba a muƙami, amma Morland ne ke sarrafa sojoji a fagen. Ya matso da su cikin sahu mai kusurwa huɗu kamar yadda ya saba, ya tsaya a tazarar da kibiya da bindigar gargajiya ba sa kaiwa, ya buɗe wuta. Mahaya sun yi ta fitowa ƙungiya-ƙungiya suna sukuwa zuwa ga sahun, babu wanda ya iso shi. Cikin abin da bai wuce awa biyu ba rundunar ta watse.

Abin da ya tsaya wa Turawan da suka halarta a rai shi ne mutanen da suka kewaye tutar Sarkin Musulmi. Ba su kai hari ba, ba su kuma gudu ba. Duk wanda ya faɗi wani ya ɗauki tutar, har aka gama da su. Turawa sun ƙiyasta mamatan Sakkwato kusan 100. A nasu ɓangaren mutum ɗaya aka kashe. Tutar ta faɗa hannunsu, sannan ta ɓace daga sansaninsu ta koma wurin Attahiru, sai a Burmi suka sake kama ta.

Ana iya tambaya ko akwai gwanintar soja a cikin irin wannan nasara. Akwai, amma ba a filin daga take ba. Tana cikin kai mutum sama da dubu, da igwa da albarusai a bisa kawunan 'yan dako, tafiyar wata guda cikin rani a ƙasar da ba su sani ba, su iso a shirye. Tana cikin horon da ya sa soja ya tsaya wuri ɗaya doki na sukuwa a kansa. Ranar yaƙin kanta ba ta buƙaci Morland ya yanke wata shawarar gaggawa ko ya sauya tsari ba. Duk fagen yana gabansa yana gani da idonsa, muryarsa kuma na iya kaiwa kowace kusurwa ta sahun.

Sauran aikin na 'yan siyasa ne da malamai. Waziri Muhammadu Buhari ya komo da jama'ar da ta rage, daga baya ya rubuta risalarsa yana bayyana wa ma'abota ilimi dalilin zama ƙarƙashin Nasara. Ranar 21 ga Maris Lugga ya naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu, ya bar Manjo Alder Burdon a matsayin Razdan. Attahiru na Ɗaya ya yi gabas, dubban mutane na bin sa, har zuwa Burmi, garin Malam Jibril ɗin nan da Morland ya kama shekara guda kafin nan. Can ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Manjo Marsh ne ya jagoranci Turawa a wannan karon, shi ma bai fita da rai ba. Morland ya samu lambar CB saboda Kano da Sakkwato.

Daga 1905 zuwa 1909 shi ne Sufeto Janar na dukan rundunar, daga Gambiya har Nijeriya. A zamaninsa ne mutanen Satiru, ƙauyen da ke kudu da Sakkwato, suka karya wata ƙungiyar sojan doki ranar 14 ga Fabrairu 1906 tun kafin ta gama jera sahu, suka kashe Turawa uku da sojoji 25. Martanin da ya biyo baya ranar 10 ga Maris ya shafe garin daga doron ƙasa. Satiru ta tabbatar wa hafsoshin abin da suka riga suka yi imani da shi, cewa halaka na tattare da kauce wa tsari. A 1910 Morland ya koma Ingila ya karɓi Birged ta Biyu a Aldershot.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

A sojan Birtaniya na lokacin birged uku ke yin runduna ɗaya mai mutum kusan 18,000, runduna biyu zuwa huɗu kuma ke yin babbar runduna. Mutumin da bai taɓa kai soja dubu fagen fama a Nijeriya ba, a watan Oktoba 1914 aka damƙa masa Runduna ta Biyar tana tsakiyar faɗa a arewacin Faransa. A watan Afrilu 1915 sojojinsa suka tashi nakiyoyi a ƙarƙashin Tudu na 60, kusa da garin Ypres na Beljiyam, suka kama shi, sannan Jamusawa suka ƙwace shi a farkon Mayu da iska mai guba. A watan Yuli aka ɗaga shi ya zama kwamandan Babbar Runduna ta Goma.

Ba shi kaɗai ba ne cikin tsofaffin hafsoshin Nijeriya. Willcocks ya jagoranci sojojin Indiya a Faransa. Lowry Cole, wanda ya ci Haɗeja a 1906, an kashe shi yana birgediya a Aubers a watan Mayu 1915. Kemball yana Iraƙi yana yaƙar Turkawa, inda a Dujaila, a watan Maris 1916, aka zarge shi da tsayar da sojojinsa su jira lokacin da aka tsara da ruwan igwa, alhali ramukan abokan gaba kusan fayau suke a gabansu. Wata huɗu bayan haka irin wannan zargi ya sauka a kan abokin tafiyarsa ta Sakkwato.

A yaƙin kogin Somme an ba Morland aikin kama ƙauyen Thiepval da tudun da yake kai, wuri mafi ƙarfi a layin Jamusawa. Yana da Runduna ta 32, da ta 36 ta mutanen Ulster na arewacin Ailan, da ta 49 a baya a matsayin ko-ta-kwana. An shafe mako guda ana ruwan igwa, amma Jamusawa na can cikin ɗakunan da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Da ƙarfe 7:30 na safiyar 1 ga Yuli 1916 aka ɗage wuta, suka fito da bindigoginsu masu ruwa, 'ya'yan Maxim ɗin nan dai. Runduna ta 32 ta tsaya cik a gaban ƙauyen, gawa a kan gawa. Mutanen Ulster kuwa, waɗanda suka rarrafo kusa tun kafin a ɗage wuta, suka keta layin suka kama tungar Schwaben da ke saman tudun. Babu wata runduna a arewacin fagen da ta yi nisa kamarsu a ranar.

Morland na bisa wani dandamali da aka kafa masa a kan itace kusa da Englebelmer, 'yan kilomitoci a bayan layi, da tabaron hangen nesa da wayar tarho. Hayaƙi ya rufe tudun, wayoyin da ke gaba sun tsintsinke. Da farko ya bar birged ta ƙarshe ta mutanen Ulster ta ci gaba, daga baya ya aika a tsayar da ita, saƙon ya iske ta riga ta tafi. Kwamandan Runduna ta 49, Janar Perceval, ya nemi a zuba rundunarsa gaba ɗaya ta ɓarakar da aka samu, a zagaye Thiepval ta baya. Morland bai yarda ba. Tsarin ya ce a kama ƙauyen ta gaba, don haka da la'asar ya sake tura birged ta fuskar da aka karkashe mutane da safe, aka sake karkashe su. Taimakon da ya isa tungar Schwaben kaɗan ne kuma a makare. Kafin tsakar dare Jamusawa sun karɓe ta. Babbar Runduna ta Goma ta yi asarar mutum fiye da 9,000 a yinin, sama da 5,000 daga cikinsu mutanen Ulster ne, cikin jimillar 57,470 da sojan Birtaniya ya rasa tsakanin matattu da raunana da ɓatattu. Thiepval ba ta faɗi ba sai ƙarshen Satumba, a hannun wani kwamandan.

Adalci ya sa a faɗi cewa maƙwabcinsa ta arewa, Janar Hunter-Weston, ya fi shi asara bai kuma riƙe ko taƙi ɗaya ba, kuma babu janar ɗin da ke da hanyar sanin halin da sojojinsa ke ciki da zarar sun bar raminsu. Duk da haka zaɓi ya zo gaban Morland a fili, wani na ƙasa da shi ya nuna masa, ya zaɓi takarda. Janar Gough, wanda aka mayar da shi ƙarƙashinsa washegari, bai gamsu da shi ba, kafin ƙarshen Yuli aka janye shi daga wannan fage.

Ba a sallame shi ba, kuma shekarar da ta biyo baya ta nuna dalili. A ƙarƙashin Janar Plumer, mutumin da ba ya ɗaga ƙafa sai ya auna inda zai sauke ta, Morland ya samu irin yaƙin da ya dace da shi. Ranar 7 ga Yuni 1917 aka tashi manyan nakiyoyi 19 a ƙarƙashin tudun Messines, ciki har da na Tudu na 60 da ya kuɓuce masa shekara biyu baya, rundunoninsa suka kama abin da aka shata musu a ɓangaren arewa. Haka ya ci gaba a hare-haren Satumba da Oktoba gabas da Ypres, taki kaɗan bayan ruwan igwa mai yawa, har taɓo ya tsayar da kowa. A 1918 aka ba shi Babbar Runduna ta Goma Sha Uku, wadda ta ƙetare kogin Selle a watan Oktoba, tana kuma cikin masu bin sawun Jamusawa lokacin da aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba. A shekarun nan sojojin da ya taɓa horarwa a Lakwaja da Zungeru, da ƙannensu, suna nasu yaƙin da Jamus a Kamaru da Afirka ta Gabas.

Ƙarshen Rayuwarsa

Daga 1920 zuwa 1922 Morland ne babban kwamandan sojojin Birtaniya da ke zaune a yankin kogin Rhine na Jamus, da hedikwata a birnin Cologne. Aiki ne da ya san irinsa tun daga gidan Sarkin Kano: zama da sojoji kaɗan a tsakiyar jama'ar da aka ci da yaƙi. A 1922 ya zama cikakken janar, aka ba shi jagorancin Aldershot, babban sansanin sojan ƙasar, amma ya sauka a 1923, lafiya ta fara gaza masa. Bai rubuta tarihin kansa ba, kamar yadda Willcocks da Gough suka yi. Kundin da yake rubuta al'amuran yau da kullum a lokacin yaƙi da wasiƙunsa na gida sai a 2015 aka buga su.

Ya rasu a Montreux ta ƙasar Suwizalan ranar 21 ga Mayu 1925 yana da shekara 59, aka binne shi a can. Marafa Maiturare, wanda ya tsaya gabansa a Giginya, ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ya kuma riga shi rasuwa da shekara ɗaya. Ɗansa Muhammadu Tambari ne ke kan gado lokacin da labarin mutuwar Morland ya fito a jaridun Landan. Tutar da aka mutu a gindinta an mayar da ita Sakkwato a 1960, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Filin kuwa birni ya haɗiye shi, sunan Giginya ya koma kan filin wasa da otal da barikin soja.